Yadda zaka kwatanta 'yan ci-ranin Cek da na Tailan ba tare da ka zalunci kowa ba

Akwai wata magana da nake yawan ji duk lokacin da aka zauna hirar 'yan ci-rani, wai su wane ai ƙwaƙwalwa garesu shi yasa duk inda suka je sai su zama masu gari, su wane kuma aikin ƙarfi kawai suka iya. Wallahi maganar nan tana min ciwo, don mafi yawan lokaci mai faɗinta hoton yau kawai ya kalla, bai tambayi jiya ba. Shi yasa na ɗauko al'umma biyu da ba ruwanmu da rigimarsu, 'yan Cek na tsakiyar Turai da 'yan Tailan na kudu maso gabashin Asiya, in nuna maka yadda ake bin diddigin abin. In ɗalibi ne kai da aka ba aikin bincike, ko ɗan jarida, ko kawai kana son ka daina yanke hukunci da ka, ga hanyar da nake bi.

Hoton da kowa yake fara gani shi ne wannan. A Amurka, jikokin 'yan Cek sun fi miliyan ɗaya, suna da gonaki da gidaje, sun narke cikin gari har baka iya gane su sai ta sunan kaka. 'Yan Tailan kuwa 'yan dubu ɗari uku da wani abu ne, kuma in aka ambace su gidan abinci da shagon tausa ke fara zuwa ran mutum. A wajen Amurka kuma sai ka same su a gonakin Isra'ila, masana'antun Taiwan da Koriya ta Kudu, dazukan Suwidin da Finlan. Toh kada ka tsaya a nan.

Fara da tambayar yaushe suka fita

Wannan ita ce tambaya ta farko kuma in ka tsallake ta komai zai karkace maka. 'Yan Cek sun fara kwarara Amurka ne bayan boren da ya ɓarke a Turai a 1848, lokacin ƙasarsu tana ƙarƙashin daular Ostiriya. Suka bazu Shikago, Kilibilan, Tekzas, Nebraska, Ayowa, Wiskonsin. A 1862 Amurka ta yi dokar rabon fili wadda ta ce duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar za a mallaka masa eka 160, kuɗin rajista kaɗan kawai zai biya. Ka tsaya ka yi tunanin eka 160 a hannun manomin da a ƙauyensu ɗan tsirin fili yake rabawa da 'yan'uwansa. Ya mutu ya bar wa ɗa, ɗa ya ƙara ya bar wa jika, jika ya sayar da wani ɓangare ya tura yara jami'a, kaga ai dukiyar ta yi shekara ɗari da hamsin tana haihuwa.

'Yan Tailan fa? Yawancinsu sai bayan 1965 suka fara shiga, lokacin da Amurka ta sauya dokar shige da fice. Tazarar ta haura shekara ɗari. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, wannan ba sai an yi musu ba. Saboda haka a takardarka layin farko ka rubuta shekarar da kowace al'umma ta fara fita da yawa, sannan ka ƙirga zuriya nawa aka haifa a can.

Sai ka duba ta wace ƙofa aka shiga

Nan ne zan daɗe don nan ne asalin maganar take. Ba wai 'yan Tailan sun yi nawa ba ne har aka rabe fili basu zo ba, ƙofar ce a rufe. Dokar rabon filin nan ta 1862 sai ɗan ƙasa ko wanda ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa, ita kuma dokar zama ɗan ƙasa tun 1790 farar fata ta ware. A 1917 ma sai Amurka ta shata wani yanki na Asiya gaba ɗaya ta ce mutanensa kada su shigo, kuma Tailan, wadda a lokacin ake kira Siyam, tana ciki. Sai a 1952 aka cire shingen launin fata daga dokar zama ɗan ƙasa. Ka gani ko? Ɗaya ana miƙa masa takardar fili, ɗaya ko jirgin ba a bari ya sauka ba.

Bayan wannan 'yan Cek sun sake fita sau biyu da yawa, a 1948 da 'yan kwaminis suka ƙwace mulki, da kuma 1968 bayan tankokin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta sun shiga Firag, babban birnin ƙasar, a watan Agusta. Waɗannan a matsayin 'yan gudun hijirar siyasa aka karɓe su, a zamanin yaƙin cacar baka da ƙasashen Yamma suke murnar duk wanda ya gudo daga ɗaya ɓangaren. Ana basu izinin zama na dindindin, izinin aiki, su taho da iyali. Madeleine Albright a Firag aka haife ta a 1937, iyayenta suka kai ta Amurka a 1948, ta zo ta zama sakatariyar harkokin waje a 1997. Yau kuma ɗan Cek fasfo ɗin Tarayyar Turai ne a aljihunsa tun 2004, ya hau jirgin ƙasa ya je Jamus ko Ostiriya ya kama aiki, in oga ya ɓata masa rai ya ajiye ya nemi wani, ba wanda zai kore shi daga ƙasar.

Ƙofofin 'yan Tailan daban ne kuma ba ɗaya ba ce, sai ka rarrabe su. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai da suka shiga Amurka a shekarun 1960 da 1970, waɗannan sun samu kansu sosai. Akwai matan da suka auri sojojin Amurka lokacin yaƙin Biyetnam da Amurka take da sansanoni a garuruwan Tailan irin su Udon Tani da Korat da Ubon. Akwai matan da suka auri Turawa suka koma Jamus da Suwidin da Nowe da Denmak, har a waɗannan ƙasashen mafi yawan 'yan Tailan ɗin mata ne, kuma a shekarun farko takardar zaman mace tana rataye ne a jikin auren, in ya mutu da wuri zama ya shiga rawa. Sai kuma ƙofa mafi faɗi, ta kwantiragi. Ma'aikacin gona a Isra'ila biza ce ta shekara biyar da 'yan watanni, ba iyali, ba hanyar zama ɗan ƙasa, wa'adi ya cika ka tattara. Wajen 30,000 ne suke can kafin harin Oktoban 2023, kuma a harin an kashe gommansu aka yi garkuwa da wajen 30, saboda gonakin da suke aiki suna dab da iyakar Gaza. A Koriya ta Kudu waɗanda suka shiga da sunan yawon buɗe ido suka maƙale suna aiki ba takarda, 'yan ƙasarsu na kiransu "phi noi", wato ƙananan fatalwa, don suna nan amma a lissafin hukuma basa nan.

In kana son ka ga yadda ƙofar kwantiragi take da rauni ka dubi Saudiyya, wadda mu ma mun san ta ciki da bai. A shekarun 1980 'yan Tailan sama da 200,000 ke aiki a can. A 1989 wani ma'aikaci ɗan Tailan ya saci kayan ado masu tsada a fadar wani yarima, bayan nan aka kashe jami'an diflomasiyyar Saudiyya a Bankok, babban birnin Tailan, dangantaka ta lalace, aka daina basu bizar aiki. Laifin mutum ɗaya da sakacin hukuma ya rufe abincin dubban gidaje, kuma sai a Janairun 2022 ƙasashen biyu suka shirya. Jikan manomin Nebraska ba abin da zai faru tsakanin gwamnatoci da zai raba shi da gonarsa.

Me yake hannunsu ranar da suka sauka

Wannan ba sai na ja ba. A ƙasar Cek an wajabta karatun firamare tun 1774 zamanin sarauniya Maria Theresa, don haka waɗanda suka sauka Amurka kusan dukkansu sun iya karatu da rubutu, da yawa kuma da sana'a a hannu, kafinta, maƙeri, tela, mahauci. Na 1968 kuwa injiniyoyi ne da likitoci da malaman jami'a. Har da masu jari ma. Takalmin Bata da da yawanmu muka sa muka je makaranta, wanda har wata unguwa a Kano take amsa sunansa, asalinsa kamfanin garin Zlin ne na ƙasar Cek da aka kafa a 1894, ɗan mai kamfanin ya koma Kanada a 1939 ya gina masana'anta da garinta. Shi ma ɗan ci-rani ne a lissafi, amma ai ba ɗaya suke da mai tsinkar tumatir ba.

Ma'aikatan kwantiragin Tailan kuma akasarinsu daga Isan suke, arewa maso gabashin ƙasar, yankin manoman shinkafa da ya fi ko'ina talauci a can. Hannu ne da ƙarfi da juriya, Turanci babu, harshen ƙasar da aka je babu.

Bi sawun bashi

Kada ka taɓa kwatanta albashi da albashi baka tambayi bashin da mutum ya ci kafin ya hau jirgi ba. Ɗauki masu tsintar 'ya'yan itacen daji a Suwidin da Finlan. Manomi ne ya gama dashen shinkafa, yana da wata biyu zuwa uku kafin girbi, sai ya ranci kuɗin jirgi da biza da na dillali, wani har takardar gonarsa yake jinginarwa. Ya isa can wajen Yuli, tun asuba yana cikin daji a sunkuye da bokiti, sauro na cinsa, da yamma a auna a kan kilo, sannan a cire masa kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, kuɗin mota da mai. In shekara ta yi kyau ya koma da abin gyara gida. In daji bai yi 'ya'ya ba ya koma da bashi fiye da wanda ya fita da shi, kuma dillali ba ruwansa da damina.

Mafi munin abin ya bayyana a El Monte kusa da Los Anjelas ranar 2 ga Agustan 1995. Hukuma ta fasa wani gida da aka zagaye da waya mai reza, aka samu 'yan Tailan 72, yawancinsu mata, a kulle suna ɗinki dare da rana a kan keke, wasu sun shekara bakwai a ciki. An karɓe musu fasfo, an ce sai sun biya kuɗin kawo su, kuma ko sabulu sai a shagon masu gidan za su saya da tsada, bashin kullum ƙaruwa yake. Abin takaici da aka fito da su ma sai aka fara kai su wajen tsare baƙin haure kafin lauyoyi da ƙungiyoyi su tsaya musu, cikinsu har da Julie Su wadda daga baya ta riƙe ma'aikatar ƙwadago ta Amurka. Wannan shari'ar tana cikin abubuwan da suka jawo dokar yaƙi da safarar mutane ta shekarar 2000.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe da kyau. 'Yan Cek ma sun sha irin wannan. A ƙarshen ƙarni na 19 dubbansu ne suke buga bulo a kudancin Biyana, babban birnin Ostiriya, maza da mata da yara, suna kwana a cunkushe, kuma ba kuɗi ake biyansu ba, wasu kwabban gwangwani ne da basa sayen komai sai a kantin ma'aikatar. Wani likita mai suna Victor Adler ne ya shiga ya gani da idonsa ya fallasa a 1888. Matansu kuma su ne masu dafa abinci da 'yan aikace-aikace a gidajen masu kuɗin birnin. A Amurka ma har sunan raini aka laƙaba musu. Saboda haka in zaka yi adalci, mai buga bulon Biyana na 1888 zaka jera da ma'aikacin gonar Isra'ila na yau, ba jikan jikansa mai digiri biyu ba.

Ina kuɗin yake kwana

Mutum biyu na iya ɗaukar albashi ɗaya amma bayan shekara goma ɗaya yana da gida ɗaya yana haya, don haka ka tambayi baki nawa ne ke ci daga aljihun kowanne. Ɗan Cek da ya gudu a 1948 ko 1968 ya san ba komawa, hukuma ta ƙwace abin da ya bari, wasu ma an yanke musu hukunci a bayan idonsu. Ɗan abin da zai aika gida kaɗan ne, sauran duk a inda yake zai zuba, ya sayi gida, ya buɗe kamfani. Ɗan Isan kuwa saboda gida ya fita tun farko. Uwa, uba, ƙannen da ke makaranta, bashin banki, rufin kwano, taraktar noma, duk suna jiran ƙarshen wata, kuma a al'adarsu rama wa iyaye alheri ba abin wasa ba ne, musamman a kan 'ya mace. Wannan ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba, duk wanda ke da ɗan'uwa a Legas ko Jidda ya san wayar ƙarshen wata. Ma'anar wannan a bincikenka ita ce dukiyar ɗan Tailan tana iya kasancewa bata ƙasar da yake aiki, tana ƙauyensu a siffar gidan siminti mai bene a tsakiyar gonakin shinkafa. In ka auna shi da abin da ya mallaka a Isra'ila ko Suwidin kawai zaka ce bashi da komai, alhali ya ɗaga gida guda daga talauci.

Duba ƙungiyoyinsu da abin da suke iya yi musu

'Yan Cek sun zo da son ƙungiya. Sokol, ƙungiyar motsa jiki da kishin ƙasa da aka kafa a Firag a 1862, shekara uku kacal ta yi ta samu reshe a Sant Luwis ta Amurka. Suka kafa ƙungiyoyin inshorar juna, da asusun tara kuɗin gina gida a Shikago, da jaridu da harshensu. Da yake suna da ƙuri'a, sai ƙungiya ta koma siyasa, har Anton Cermak da aka haifa a ƙasar Cek ya zama magajin garin Shikago a 1931. 'Yan Tailan su ma ba a warwatse suke ba. Wajen ibadarsu na addinin Buda shi ne cibiya, a can ake koya wa yara harshe, a can ake jin labarin aiki da ɗakin haya, kuma suna adashi irin namu sak, da shi da yawa suka buɗe gidan abinci. A 1999 birnin Los Anjelas ya amince da wata unguwa a hukumance a matsayin unguwar 'yan Tailan, a 2002 gwamnatinsu ta fito da shirin yaɗa gidajen abincin Tailan a duniya, Tammy Duckworth da aka haifa a Bankok kuma tana majalisar dattawan Amurka tun 2017. Tambayar da zaka yi a nan ba wai suna da haɗin kai ko babu ba, a'a, mutum nawa ne a cikinsu ke da ƙuri'a da takardar da zata basu damar ɗaga murya ba tsoro.

Hattara da alƙaluma

Nan mutane da yawa ke faɗawa rami. In ƙidayar Amurka ta ce maka "ɗan Cek", galibi mutum ne da aka haifa a can, aka haifi kakansa a can, Turanci ne harshensa, abin da ya rage masa na Cek shi ne sunan dangi da burodin kolace da ake sayarwa a garin West na Tekzas da bikin shekara-shekara a Wilber ta Nebraska. In ta ce "ɗan Tailan" kuma, yawanci wanda ya zo da ƙafarsa ne. Don haka ka nemi alƙaluman waɗanda aka haifa a waje kaɗai ka jera su, ko zuriya ta biyu da zuriya ta biyu. Ka guji matsakaicin lissafi shi kaɗai, don in ka haɗa likitan zuciya da mai wanke kwano ka raba biyu zaka samu mutumin da babu shi a duniya. Ka tuna marasa takarda basa amsa tambayar mai ƙidaya. Sannan matar da ta auri Basuwide, kuɗin shigar gidan zai nuna maka suna cikin daula, amma ka tambayi nawa ne nata na kanta.

Ka kuma nemi waɗanda suka saɓa wa labarin da gangan. A tsaunukan Banat na Romaniya akwai ƙauyukan 'yan Cek da suka je tun shekarun 1820, sun zauna cikin talauci da noman hannu har matasansu suka riƙa komawa ƙasar Cek neman aiki bayan 1989. Jini ɗaya, harshe ɗaya da na Nebraska, ƙasar da aka sauka ce ta bambanta.

In zaka yi hira da su

Kada ka fara da tambayar takarda ko albashi, musamman wajen ɗan Tailan da baka san halin zamansa ba, zai yi maka murmushi ya ce komai lafiya, shikenan ka tashi a tutar babu. Ka bi ta hannun wanda suka yarda da shi, shugaban wajen ibada ko mai gidan abincin da suke taruwa, ka nemi tafinta wanda ba ɗan uban gidansu ba. Ka fara da garinsu, wa ya bari a gida, wace shekara ya fito, wa ya biya masa kuɗin jirgi, amsar ta ƙarshen nan kaɗai zata buɗe maka maganar bashi ba tare da ka ambaci kalmar ba. Wajen jikan ɗan Cek kuma ka roƙe shi ya nuna maka tsofaffin takardun gidan, da yawa suna ajiye da takardar filin kakansu da wasiƙun da aka aiko daga gida, ka duba kwanan watan da ke jiki ka rubuta. Sunan ma'aikacin da ya baka labari kuwa ka sakaya shi, har da sunan gonar da garin, don kai zaka buga rubutunka ka wuce, shi gobe da asuba a gonar zai tashi.